Wane ne zakaran gwajin dafi, ɗan ɓera ko ɗana?

Maman Abdul (Yelwa, Garwa): Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, tun jiya raina bai kwanta ba. Na kai Abdul asibiti, watansa 5, jikinsa ya yi zafi kwana biyu. Likita ya rubuta ordonans, na sayo maganin a farmasi. Da dare ƙanen maigidana ya sa sunan maganin a waya, ya samo wata doguwar takarda ta Faransanci yana fassara mini. Can wajen ƙarshe ya ce wai an gwada shi a jikin 'ya'yan ɓera da 'yan kwikwiyo. Wallahi cokalin yana hannuna na ajiye shi. Me ya haɗa ɗana da ɓera? In ɓera ya sha bai mutu ba shi ke nan sai a ɗura wa jariri? Don Allah masu ilimi a cikinmu ku yi mini bayani.

Goggo Asabe (Marwa): Wa alaikumus salam 'yata. Yaya jikin yaron? Kin ba shi na safe kuwa?

Maman Abdul: Da sauƙi Goggo. Ban ba shi ba tukuna.

Malam Hamisu infirmiye (Marwa): Ƙanwata, kafin mu shiga doguwar magana, tashi ki ba shi yadda likita ya rubuta, da ma'aunin da ya zo cikin kwalin, ba cokalin shayi ba. Abin da kika karanta ba abin tsoro ba ne. Ni maganin da ba a rubuta masa irin wannan bayanin ba shi ne yake hana ni barci.

Alhaji Ɗanjuma (Kusiri): Malam Hamisu, ku ma'aikatan asibiti kullum haka kuke cewa. Ni na yi fatauci a Kano shekarun nan. A 1996 da aka yi annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya zo ya gwada wani maganinsa, Trovan, yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi ba ji ba magana. Shi ma ai an ce an fara gwada shi a jikin dabbobi. To ina amfanin ɓeran? Turawa sun gama da ɓera sai su zo su mai da 'ya'yanmu kobay, wato dabbar gwaji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Hajiya Rabi mai farmasi (Ngaundere): Alhaji, ba wanda zai ce maka ka manta da Kano, ni ma ban manta ba. Amma mu faɗi labarin cikakke. Cikin 11 ɗin, 5 suna cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 suna cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin da ake kwatantawa da shi. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Babban zargin shi ne rashin neman yardar iyaye yadda ya kamata da batun takardun izini. Wannan aikin mutane ne, ba laifin ɓera ba. Hasali ma dabba ta riga ta yi gargaɗi: dangin magungunan da Trovan ya fito daga cikinsu, tun kafin lokacin an ga suna lalata guringuntsin gaɓoɓin 'yan kwikwiyo masu tasowa, shi ya sa likitoci suke taka-tsantsan da su a kan yara har yau.

Alhaji Ɗanjuma: To Hajiya ai kin ƙara ƙarfafa maganata. Dabba ta yi gargaɗi kuma ba a ji ba.

Hajiya Rabi: Sai mu yi faɗa da kunnen da ya ƙi ji, Alhaji, mu bar mai gargaɗin.

Ibrahim (ɗan Garwa, yana karatu a Faransa): Salamu alaikum iyayena da yayyena. Yaya Maman Abdul, bari in faɗa miki abin da idona ya gani, domin shekara biyu ke nan ina aiki a ɗakin da ake irin wannan gwajin.

Ɗan ɓera ranar da aka haife shi bai kai babban yatsanki ba, ja wur, ba gashi, ido a rufe, kina iya hango nonon da ya sha fari a cikinsa ta fatar. Kullum da safe muna sa safar hannu, mu ɗauko su ɗaya bayan ɗaya mu ɗora a sikeli, mu lissafa maganin gwargwadon nauyin ranar, domin nauyinsu canzawa yake yi kullum. Ana ba su da wani siririn bututu mai laushi ta baki, ɗigo kaɗan. Ana ajiye su kan abin ɗumi kada sanyi ya kama su, sannan a mayar wa uwar da sauri. Akwai rukunin da ba a ba komai sai ruwan da aka dama maganin da shi, da su ake kwatantawa.

Sai mu zauna mu yi ta rubutu. Yaushe ido ya buɗe, wanda yakan zo wajen kwana 14. Yaushe ya iya juyawa in an kwantar da shi rigingine. Yana firgita in ya ji ƙara? Tsawon ƙashin cinyarsa nawa? A kwana 21 ake yaye su. In sun girma a sa su cikin baho mai ruwa su nemi wani ɗan dandamali da aka ɓoye, a ga ko suna tuna inda yake gobe, da haka ake auna koyo. Daga baya a haɗa su aure a ga ko suna haihuwa. A ƙarshe ana kashe su ba tare da sun ji zafi ba, a duba ƙoda, hanta, ƙwaƙwalwa da ƙashi a madubin likita. Wannan ranar ba ta taɓa yi mini daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba.

Dalilin zaɓar ɓera shi ne saurin girmansa. Abin da ɗan Adam zai yi daga haihuwa zuwa balaga, shekara 13 ko 15, ɓera ya gama shi cikin mako 6 zuwa 7. Ba wanda zai ba jarirai magani ya zauna jiran shekara 15 ya ga ko zai hana su haihuwa.

Maman Abdul: Ikon Allah. Na ba shi maganin yanzu. Amma Ibrahim, in an riga an gwada a jikin manyan mutane sun sha lafiya lau, me ya sa ba za a rage yawansa kawai a ba yaro ba?

Malam Hamisu: Bari in amsa wannan, domin nan ne aikina yake. Jariri ba babba ba ne da aka ƙanƙance. Hantarsa ba ta gama koyon narkar da magani ba, ƙodarsa ba ta tace jini da ƙarfi irin namu, jikinsa ruwa ya fi yawa. A ƙarshen shekarun 1950 a Amurka an riƙa ba jarirai sabbin haihuwa kuloramfenikol, an lissafa daga awon manya. Sai jarirai suka riƙa yin toka-toka, ciki ya kumbura, su saki jiki, da yawa suka rasu. Hantarsu ce ta kasa fitar da shi ya taru a jini. Babba ya sha wannan awon ba abin da zai same shi.

Ga kuma wanda muke gani a nan gida. Kafson nan ja da rawaya da ake sayarwa a tebur, tetrasaikilin. Uwa za ta buɗe ta zuba a koko wai yaro yana zawon haƙori. Maganin yana maƙalewa a haƙoran da suke ginuwa cikin dasashi, bayan shekaru su fito da launin ƙasa-ƙasa, kuma ba asuwakin da zai goge shi. Shi ya sa ba a son ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Babba haƙoransa sun gama fitowa, ko ka gwada a jikin manya dubu ba za ka ga wannan illar ba. Sai a jiki mai girma take bayyana.

Sani likitan dabbobi (Garwa): Ni dai zan ɗan ja da ku, kuma dabba ce sana'ata. Kada mu sa wa Maman Abdul a rai cewa abin da dabba ta nuna shi ke nan. Farasitamol da muke ba jarirai, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Fenisilin yana kashe ɓeran Masar, wannan da Faransawa suke kira kobay, alhali a 1940 da aka gwada shi a jikin ƙananan ɓeraye a Ingila shi ya cece su. Diklofenak da ake yi wa shanu allura a Indiya ya kusa ƙarar da ungulayen ƙasar, suna cin mushe ƙodarsu tana mutuwa, sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Ɓera ko amai ba ya iya yi. Kowace halitta da yadda Allah ya tsara cikinta. Ko tsakanin doki da saniya akwai maganin da ban isa in haɗa su a kai ba.

Alhaji Ɗanjuma: Yauwa Sani, Allah ya yi maka albarka. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Sani: A'a Alhaji, ban ce a daina ba. Cewa na yi a san iyakarsa.

Ibrahim: Gaskiya Yaya Sani ya faɗa, kuma mu ma a ɗakin gwaji kullum muna fama da ita. Misali ƙoda. Ɗan Adam yana gama ƙera 'yan matatun ƙodarsa tun yana ciki, wajen mako 36. Ɗan ɓera kuwa ana haifarsa bai gama ba, sai ya yi kwanaki a duniya. Don haka in ka ba ɓera ɗan kwana 4 magani ka ga ƙodarsa ta lalace, ba lallai haka zai faru ga Abdul mai wata 5 ba, ɓeran ya fi kama da bakwaini. Rabin aikin shi ne sanin wane kwana na ɓera ya yi daidai da wane wata na yaro, kuma amsar ƙoda daban, ta ƙwaƙwalwa daban, ta huhu daban.

Labarin talidomaid ma ya nuna fuska biyun nan. An fara sayar da shi a Jamus a 1957, mata masu ciki suna sha don laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai wajen 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Ba a yi masa gwajin kirki a kan dabbobi masu ciki ba kafin a sake shi. Da aka zo aka gwada daga baya, ɓera bai nuna irin wannan nakasar ba, amma zomo da biri sun nuna. Daga nan aka koma gwada irin wannan a jinsi biyu, yawanci ɓera da zomo.

Malam Isa (Njamena): Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun safe. Ni abin da ya tsaya mini shi ne inda ɗana Ibrahim ya ce ranar kashe su ba ta yi masa daɗi. Ka riƙe wannan rashin daɗin, ɗana, ranar da ka daina jinsa ka binciki zuciyarka. Hadisi ya tabbata cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kuma an umarce mu, ko yanka za mu yi, mu wasa wuƙa mu hutar da abin yankan. A fahimtata, in ceton ran yara ya rataya a kan wannan aiki, lalura ce, amma lalura ana ɗaukarta ne gwargwadon buƙata. In ɓera 40 sun isa, ba a halatta maka 41 ba. In akwai hanyar da ba sai an taɓa mai rai ba, ita ce wajibi. Allah shi ne mafi sani.

Ibrahim: Allah ya gafarta Malam, kamar ka karanta dokar ɗakinmu. Tun 1959 wasu masana biyu 'yan Ingila, Russell da Burch, suka kafa ƙa'idoji uku: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawansu, a sassauta musu wahala. Ba ma taɓa ko ɓera ɗaya sai kwamiti ya duba takardarmu. Kuma ƙa'idar da hukumomin magani na Turai, Amurka da Japan suka amince da ita a 2020 ta ce ba kowane maganin yara ba ne sai an yi masa gwajin 'ya'yan dabbobi. A fara duba abin da aka riga aka sani daga manyan mutane da manyan dabbobi, a duba shekarun yaran da za a ba, a duba ko maganin yana taɓa gaɓar da ba ta gama girma ba. In ba sabon abin da za a koya, a bar dabbobin.

Hadiza (Kusiri): Ni na ji a rediyo an ce Amurka ta daina gwaji da dabbobi gaba ɗaya.

Hajiya Rabi: Ba dainawa aka yi ba ƙanwata. A Disamba 2022 sun cire tilascin daga dokarsu, wato kamfani yana iya kawo hujja ta wata hanya, kamar ƙwayoyin halittar hanta ko ƙoda na mutum da ake rayawa a ɗan faranti, ko lissafin kwamfuta. Abin farin ciki ne. Sai dai faranti ba ya yin rarrafe, ba ya fitar da haƙori, ba ya balaga. Wannan ɓangaren har yanzu sai jiki mai rai.

Baban Khalifa (Garwa): Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ɗana ɗan wata 10 za a yi wa aikin gwaiwa sati mai zuwa. Wani ya turo mini cewa maganin sa barci yana kashe ƙwaƙwalwar jarirai, an gani a ɓeraye. Mahaifiyarsa tun shekaranjiya kuka take.

Ibrahim: Kawu, asalin maganar gaskiya ne, amma an yanke mata wutsiya. A 1999 an ga maganin sa barci ketamin da ire-irensa suna kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a 'ya'yan ɓera, daga baya aka ga makamancin haka a 'ya'yan biri da aka daɗe ana sa su barci. Shi ya sa a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta ja hankali game da yara 'yan ƙasa da shekara 3, in aikin zai wuce awa 3 ko za a yi ta maimaitawa. To amma saboda wannan gargaɗin aka bi jarirai sama da 700 da aka yi wa aikin gwaiwa, irin na Khalifa. Wasu an sa su barci kusan awa ɗaya, wasu an kashe musu rabin jiki kawai. Da suka kai shekara 5 aka auna basirarsu ba a ga bambanci ba.

Malam Hamisu: Kuma gwaiwar da aka bari tana iya shaƙe hanji cikin dare. Kada ku ɗaga aikin. Ku tambayi mai sa barcin minti nawa zai ɗauka, haƙƙinku ne, zai faɗa muku.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Bari in karanta mata.

Hajiya Rabi: Ina so in dawo da mu kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Muna ta maganar ɗakin gwaji a Turai, alhali abin da ya fi kashe yaranmu ba ya bi ta can. A 1937 a Amurka wani kamfani ya dama magani da wani ruwa mai zaƙi da ake kira dayetilin gilaikol, bai gwada a jikin ko dabba ɗaya ba. Mutum sama da 100 suka mutu, da yawansu yara. Bayan an yi ɓarnar aka ba dabbobi ruwan, ƙodarsu ta mutu cikin kwanaki. Shekara ta gaba, 1938, aka yi dokar cewa sai ka nuna magani ba ya cutarwa kafin ka sayar. To wannan ruwan da aka san dafinsa tun zamanin kakanninmu shi ne ya kashe yara 84 a Najeriya cikin siron haƙori My Pikin daga ƙarshen 2008. Shi ne cikin sirorin tari da aka alaƙanta da mutuwar yara wajen 70 a Gambiya a 2022. Shi ne kuma a nan Kamaru a 2023, siron Naturcold, yara suka rasu a yankin Arewa maso Yamma har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a watan Yuli. Yaro zai daina fitsari, ya kumbura, uwa tana ƙara masa siron tana zaton ciwon ne ya yi tsanani. In na tuna wannan sai in rasa abin da ke mini daɗi. Ɓeraye sun riga sun mutu sun ba mu amsa, mu ne muka bar kwalabe suna shigowa ta kan iyaka a bayan babur ba mai dubawa. Akwai LANACOME a Yawunde da aikinta ke nan, auna ingancin magani, amma kwalbar da ta kwana a rana kan tebur a kasuwa ba ta taɓa zuwa can ba.

Alhaji Ɗanjuma: Nan kam ba ni da ja, Hajiya. Ina ganin katon-katon suna haye gada kullum. Amma maganata ta Kano tana nan. Duk wanda zai gwada wani abu a kan ɗana, ko an gama da ɓerayen duniya, sai ya zauna ya gaya mini da Hausa, ya bar ni in ce a'a in na ga dama.

Malam Hamisu: Wannan haƙƙinka ne Alhaji, ba alfarma ba. Amma ka san mene ne kishiyar gwajin? Ni ne, da reza a hannu da ƙarfe biyu na dare. A kawo mini jariri mai kilo 3 da maleriya, ƙwayar da ke hannuna an yi ta ne don yaro mai kilo 5 zuwa sama. In raba ta, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, wani ya zama gari ya bi iska, in dama a cokali, jaririn ya tofar da rabi saboda ɗaci, in tsaya ina tunanin nawa ya shiga cikinsa. Ba kwamiti, ba rukunin kwatance, ba mai rubutawa. Sai a Yulin 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da maganin maleriya Coartem na jarirai 'yan ƙasa da kilo 5. Haka tsargiya: yaran bakin ruwa a Lagdo da Maga suna fitsarin jini tun suna ƙanana, ƙwayar furazikwantel kuwa ƙatuwa ce mai ɗaci. A Disamba 2023 hukumar Turai ta ba da ra'ayin amincewa da ƙarama mai narkewa don yaran da ba su isa makaranta ba. Shekara da shekaru kafin nan a wurin 'yan ƙanana sai dai mu fasa babbar.

Goggo Asabe: Ni ban yi boko ba, amma tun muna yara muke jin ana cewa zakaran gwajin dafi. Mutanen da ma ba su yarda a fara da mutum ba. Hajiya Rabi, akwai wani siron tari da na saya wa jikata a wurin mai tebur ranar kasuwa, jan ruwa ne, rubutun jikin ya goge rabi. Ta sha sau biyu jiya.

Hajiya Rabi: Goggo kada ki ƙara ba ta ko ɗigo, kuma kada ki zubar da kwalbar. Sa wani ya ɗauki hotonta gaba da baya ya turo mini yanzu. Yarinyar ta yi fitsari yau?

Goggo Asabe: Ta yi da asuba. Bari in tambayi uwarta ko ta ƙara.

Malam Hamisu: Ki tambaye ta har da amai da yawan barci. Ina aikin dare yau, ku kawo mini ita da kwalbar kafin magariba, kada ku jira sai kun ga wani abu.